Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe wannan babi, kuma ke nake rubuta wa shi, Ummi, ko da yake yanzu allonki bai wuce Ƙulhuwallahu ba. Wata rana za ki girma, wata ta tare ki a bakin rijiya ko a gidan biki ta ba ki labarin shekarar da aka haife ki, ta sa gishiri inda ta ga dama. Gara ki fara ji daga bakina. Ni ban yi boko ina yarinya ba, ajin yaƙi da jahilci na shiga bayan na fara furfura, shi ya sa rubutuna yake tafiya a karkace. Amma abin da ya faru a tsakar gidana na san shi. A garin nan har yau akwai masu cewa tatsuniyar Indiyawa ce ta juya min kai, na yi abin da matan kirki ba sa yi. Akwai gaskiya kaɗan a maganar, ba dai yadda suke faɗarta ba.

Ubanki shi ne ɗan farina. Yadda aka tashe mu a ƙauyukan nan, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta sa baki a sha'aninsa. Ranar da aka yaye shi Goggo Dije, yayar kakanki Malam, ta goya shi ta tafi da shi sashenta. Can ya tashi, ita ta kai shi makaranta, ita ta nema masa auren uwarki Saude. Ni in ina son a kira shi sai in ce wa yara, ku duba min ɗan Goggo. In ya shigo gaishe ni da safe yakan durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri. Ya yi gemu, ya haifi yayyenki biyu, harshena bai taɓa ɗaukar sunansa ba. Kada ki ɗauka rashin so ne. In ya rage tuwo a kwano ni nake fara sanin ba shi da lafiya, sai in dama kunun tsamiya in aika ta hannun Goggo, ita ta miƙa masa kamar ita ta yi. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a wannan shekara.

Farkon damina ne, gero ya fara kai ƙwauri, aka aiko da rasuwar wata innar Saude can yamma, bayan ƙasar Katsina. Ubanki da kansa ya sa ta a mota ta je ta'aziyya. A hanyar dawowa masu bindiga suka tare motar, suka kora fasinjoji cikin daji. Ba zan tsawaita a nan ba, don abin da na sani kaɗan ne. Uwarki ba ta faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. An sayar da shanun huɗa aka biya kuɗin fansa, da garmar hannu aka yi huɗar wannan shekara. Ta yi sama da wata guda a hannunsu. Ranar da aka dawo da ita ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta, tafin ƙafarta duk ya tsattsage. Gari ya cika gidanmu da barka, aka soya ƙosai aka yi sadaka. Barkar ta yi 'yan kwanaki, daga nan sai wata magana ta maye gurbinta.

Ba wanda ya faɗa a fili. Sai dai in Saude ta shiga gidan suna hira ta tsaya cak, in ubanki ya zauna wurin mai shayi wani ya yi tari, wani ya tambaye shi lafiyar iyali da wata irin murya. Kakanki Malam, wanda rabin mazan garin nan a gabansa suka yi karatu, ya tara su a zaure ya ce wadda aka fi ƙarfinta ba ta da laifi a wurin Allah, kuma babu mai ikon tuhumarta. Kowa ya ce haka ne, Malam. Suka fita suka ci gaba daga inda suka tsaya. Goggo Dije kuwa abin cinta yake yi, don ita ɗanta take gani yana tafiya kai a sunkuye. Ba muguwa ba ce, ina so ki riƙe wannan. Ita ta kawo shawarar rantsuwa, a ganinta hakan zai rufe bakin mutane. Ta tara manyan matan unguwa a ɗakinta, ta sa Saude ta yi alwala, ta dafa Alƙur'ani, ta rantse babu wanda ya kusance ta a dajin. Malam bai ji ba sai bayan an gama, ya yi faɗa, amma an riga an yi. Ina cikin ɗakin a ranar, bayan ƙofa nake zaune. Sha'anin matar ɗan fari ne, ba wurina ba ne in yi magana.

Magana ta lafa na ɗan lokaci. Sai kuma ciki ya fito, cikinki ke nan, maganar ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Malam ya sake tashi ya ce shari'a ta ba mijin aure duk ɗan da aka haifa cikin aurensa. Matan gari kuwa watanni suke ƙirgawa da yatsu, kowacce lissafinta daban. Uwarki ta daina fita. Ta kusan daina magana ma, sai sallama da amsa gaisuwa, in ta ji ƙarar babur kuwa sai ta dafe bango. Ubanki bai ce mata komai ba, mai daɗi ko marar daɗi. Yakan fita gona da duhu-duhu, ya dawo ya ci abinci a zaure.

A haka kaka ta shigo. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar, muka baje ta a tsakar gida muna ɓara ƙarƙashin darbejiya daga azahar zuwa la'asar, ni da uwarki da Asabe mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarmu da takan sayi rabin gyaɗar, sai autata Rukayya. Goggonki Rukayya a jami'a take a birni a lokacin, tana karatun adabi, malamansu suka tafi yajin aiki aka sallamo su gida. Ba ta da sauri a ɓarar gyaɗa, hannu ɗaya a kwando, ɗaya a waya. Ran nan Asabe ta tsokane ta.

"Ke 'yar boko, wane saurayi ne ya hana ki cika mudu?"

"Littafi ne, Iya Asabe. Na Indiya. In ba ku labarin?"

"In dai akwai rawa cikin furanni, bismilla."

"Babu rawa. Wannan ya girmi fim, ya girmi kakannin kakanninmu."

Mu abin da muka sani game da Indiya bai wuce finafinan da ake juyawa da Hausa ba, waɗanda yara ke taruwa a kai in an samu cajin waya. Rukayya ta bayyana mana cewa mabiya addinin Hindu suna da wasu tsofaffin labarai masu tsawo da suke girmamawa a addininsu, kowane yaro a can da su yake tashi. Ta ce yanzu marubutansu na zamani, mata da yawa a ciki, sukan ɗauko labarin da kowa ya sani su sake rubuta shi, ba don su canza abin da ya faru ba, sai don su ba da shi daga bakin wanda da ba a ji ta bakinsa ba. Wanda take karantawa wata ce ta rubuta shi daga bakin matar wani sarki. Ta fara ba mu, tana duba waya tana juyawa da Hausa. Ba ta yi nisa ba Malam ya shigo ɗaukar buta. Ya tsaya ya saurara kaɗan.

"Rukayya, sarkin nan da kike faɗa, ba shi ne suke bauta wa ba?"

"Shi ne, Baba. Amma ni ba bautar na kawo ba, labarin matarsa nake bayarwa."

"Duk ƙissoshin Annabawa sun ƙare ne?"

Rukayya ta sunkuyar da kai. Ni ce na ce, a hankali, Malam gyaɗar da yawa, kuma yau ne karo na farko da na ga wata ta ɗago kai tana sauraron abu. Ban ambaci suna ba, amma ya dubi inda uwarki take zaune. Ya daɗe yana juya butar a hannu.

"In dai sai kun yi, kada in ji sunan abin bautar kowa a gidan nan. Kuma in an kira salla a tashi."

Shi ya sa har yau ban san sunan ko mutum ɗaya a labarin ba. Rukayya ta bi umarnin ubanta, sai dai ta ce Sarki, matar Sarki, ƙanin Sarki. Kullum takan ba mu kaɗan, ta tsaya inda ta san za mu yi ƙorafi. Ga yadda na riƙe shi. Sarkin nan tun yana ɗan sarki aka hana shi gado aka tura shi daji, matarsa ta ce ƙafarsa ƙafarta, ƙaninsa ma ya bi su. Wata rana mazan biyu suka yi nisa da bukka a kan wata barewa mai launin zinariya, amma kafin ƙanin ya tafi ya zana layi a ƙasa kewaye da bukkar, ya ce kada ta tsallake. Sai wani sarkin ƙattai mai kai goma ya rikiɗa ya zo mata a siffar tsohon baƙo mai jin yunwa. Ta tsallake layin don ta miƙa masa abinci, ya sure ta ya ƙetare teku da ita.

"Kai goma?" in ji Asabe. "To wannan hula nawa yake saya da salla? Wanzaminsa ma ai sai ya wuni."

Muka yi dariya, har uwarki ta ɗan murmusa. Asabe ba ta iya tsayawa inda ya kamata ba, sai ta ƙara.

"Amma ita ma da ganganci. An ce kada ki tsallake, me ya kai ki?"

Tana rufe baki ta gane abin da ta faɗa, don irin maganar da ake yi ke nan a gari game da tafiyar ta'aziyyar: wa ya aike ta, ba ta san hanyar ba kyau ba? Rukayya ce ta fitar da mu. Ta ce ai irin wannan tambayar ce ta sa marubuciyar ta zauna ta sake rubuta labarin, don a nata, matar Sarki da kanta ta amsa: da ta bar baƙo da yunwa a ƙofa, da waɗannan mutanen ne za su ce ba ta da tarbiyya. Asabe ta ce wallahi kuma haka ne, ta ja kwandonta kusa da na Saude.

Kwanaki muka yi muna bin Sarki yana neman matarsa. Rundunar birai ta taimake shi, suka jera duwatsu a kan teku, aka yi yaƙi, aka kashe mai kai goma. Asabe ta ce ita biran da ta sani ɓarnar masara kawai suka iya. A waɗannan kwanaki ubanki yakan zauna can gefen rumbu da basilla yana ɗinke buhunan da ɓera ya huda. Bayansa yake ba mu. Ko yana ji ko ba ya ji, ban sani ba, ban kuma taɓa tambayar Rukayya ko da gangan ta zaɓi wannan labari ba. Da aka kawo wa Sarki matarsa, maimakon ya rungume ta sai ya ce ta daɗe a gidan wani, mutane za su yi magana. Aka hura wuta a gaban jama'a, ta shiga, ta fito ko gashinta bai ƙone ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Asabe. "Shi ke nan, ta wanke kanta."

"Ba shi ke nan ba ne."

Uwarki ce ta faɗa, idonta a kan gyaɗar da ke hannunta. Ba ta san labarin ba, Rukayya ba ta kai wurin ba. Tun dawowarta ban ji ta sa baki a hira ba sai ranar.

A cikin makon ne Goggo Dije ta zo sashena ta zauna a kan turmi ta ce an yanke shawara. Saude za ta tafi gidansu, wani ƙauye gaba da Minjibir, ta huta ta haihu a can. Haihuwar fari ake zuwa yi gida, wannan kuwa ta uku ce, kowa ya san haka. Ta ce yara biyun za su zauna a wurinta, gado da kwanuka kuma za su bi Saude daga baya, wai za a yi wa ɗakin shafe. Ba a ambaci saki ba. Ba a bukatar ambatonsa. Tafiya ce da ba a sa ranar dawowa, in an kwana biyu takarda ta bi baya, abin da aka haifa kuma ya tashi a can ana nuna shi da baki. Na tambaye ta ko ɗan nata ya yarda, ta ce bai ce a'a ba. Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Abin da uwar ɗan fari ke cewa ke nan.

Ana gobe tafiyar muka zauna kan ragowar gyaɗa. Rukayya ta ajiye waya a cinya ta ce yau kanta ke ciwo, a bar labari.

"Ƙarasa, Rukayya," in ji uwarki. "Gobe ba na nan."

Ta ƙarasa, muryarta ƙasa-ƙasa. Sarki ya koma gida ya hau gadon ubansa, matarsa ta samu ciki. Sai ya ji labarin wani mai wanki a cikin gari yana yi wa tasa matar gori, yana cewa shi ba irin Sarki ba ne da zai karɓi macen da ta kwana a wani gida. A kan wannan magana Sarki ya sa ƙaninsa ya ɗauke ta a keken doki, aka ce mata ziyara za ta je ta sha iska, aka kai ta daji aka baro ta. Can ta haifi tagwaye, ta raine su ita kaɗai. Bayan shekaru da Sarki ya gane 'ya'yansa ne, ya ce ta dawo, amma ta sake wanke kanta a gaban jama'a. Ta ƙi. Ta roƙi ƙasa ta buɗe ta karɓe ta, ƙasa ta buɗe. Asabe ta yi salati ta share ido da bakin zane. Uwarki ba ta yi kuka ba, gyaɗarta take ɓara. Ni kuwa wani abu ne daban ya tsaya min, har na ji bakina ya riga ni.

"Shi Sarkin nan ba shi da uwa ne?"

"Yana da ita, Inna."

"Tana raye lokacin da aka sa yarinyar a keken dokin?"

"Tana cikin gidan."

"To me ta ce?"

Rukayya ta ja wayar sama da ƙasa da yatsa, ta daɗe tana dubawa.

"A wannan da na karanta ba ta ce komai ba."

"Su masu sake rubutawar fa?"

"Wata ta ba matar baki, wata ta ba ƙanwar matar, akwai ma wanda ya ba mai wankin. Uwar dai ban ci karo da wanda ya ba ta ba tukuna. Wataƙila akwai. Haka suke yi, Inna, duk wanda ya ga inda aka yi shiru a labarin sai ya zauna ya cike."

"Ɗan farinta ne mana," in ji Asabe, tana jan hanci tana dariya. "Kunya take ji."

Rukayya ta yi dariya. Aka kira la'asar, muka tashi.

Washegari da hantsi ƙaramar motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Maƙwabta suka shigo, wai sallama, har da waɗanda ba sa shigo mana. Uwarki ta fito da hijabinta mai ruwan ƙasa, ƙullin kaya a hannu, yayyenki suna riƙe da ita Goggo tana ɓamɓare yatsunsu da lallashi. Ubanki ya fito daga ɗakinta da akwatinta a ka, ya nufi zaure. Ina bakin murhu da ludayi a hannu. Ba zan ce miki na kwana ina shiri ba. Abin da na sani, ina kallon bayansa sai na ga matar nan ta cikin labari, wadda ko sunanta ban sani ba, zaune a ɗakinta tana jin ƙarar keken doki yana fita. Tun zamanin da ba a san farkonsa ba ake ba da labarin, kowa ya zo kanta ya wuce, don ba ta bar abin da za a faɗa ba. Na ga haka za a ba da namu.

"Isiyaku."

Kin san muryata, ba ta da ƙarfi. Amma gidan ya yi tsit, har wadda ke zuba ruwa a randa ta tsaya da guga a hannu. Bai juyo nan da nan ba. Ya san sunan, ya san muryar, bai taɓa jin su tare ba.

"Isiyaku, da kai nake. Sauke akwatin nan. A ɗakina za ta haihu, ni zan dafa mata ruwan wanka. Wanda yake da tambaya a kan cikin nan ya zo ya same ni. Jikana ne."

Goggo Dije ta saki hannun yaran ta dafe ƙirji.

"Habiba! A gaban mutane? Sunan ɗan fari a bakinki kamar na mai tallan goro? Ina kunyar taki ta tafi?"

"Tana nan, Yaya. Yau ne dai na ajiye ta."

"Ni na raine shi. Ni nake jin abin da ake faɗa masa a waje."

"Ke kika raine shi, Allah ya saka miki da alheri. Ban taɓa shiga tsakaninku ba. Wannan ɗaya ce."

Ubanki yana tsaye tsakaninmu da akwati a ka, gumi yana bin wuyansa. Ya dubi Goggo, ya dubi ƙasa. Ni bai dube ni ba. Can sai ya durƙusa ya sauke akwatin, ba a zaure ba, ba a ɗaki ba, nan inda yake tsaye. Ya ɗauki fartanyarsa a jikin rumbu ya fita. Asabe ta ɗaura ɗankwalinta da kyau, ta ce wa Rukayya ta kama ɗaya gefen, suka shigar da akwatin ɗakina. Masu sallama suka zame ɗaya bayan ɗaya, labari na ƙaiƙayin bakinsu. Malam ya fita ya sallami direba. Da ya shigo ya same ni ina kwashe kokon da ya riga ya yi gudaji.

"Da kin faɗa min, ai da na yi magana."

"Ka yi, Malam. Har sau biyu."

Ya karɓi kokonsa.

Kada ki ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Goggo Dije ba ta sake taka sashena ba har ta koma ga Allah. In na gaishe ta takan amsa da ka. Da ta kwanta ciwon ajali, ta hannun ubanki nake aika mata kunu, kamar yadda da nake aika masa ta hannunta, kuma ban san ko ta gane daga ina yake zuwa ba. A gidan biki in na shiga akwai masu taɓa juna, akwai wadda ta hana 'yarta zuwa wurina koyon saƙa. Ubanki ya daɗe bai shigo gaishe ni ba. Da ya dawo sai ya zama in ya durƙusa mukan haɗa ido, mu rasa yadda za mu yi da shi. Abin da ke tsakanina da shi a da abu ne mai laushi, kowa ya san wurinsa, ba sai an faɗa ba. Da hannuna na fasa shi, bai koma yadda yake ba, kuma ina kewarsa. Ban sake kiran sunan ba, yau ne na biyu, shi ma a takarda. Uwarki ba ta yi min godiya ba, ban kuma so ta yi ba. Har yanzu in babur ya wuce da gudu takan tsaya da abin da take yi.

Kakanki har gobe cewa yake shari'a ce ta tsayar da Saude a ɗakinta, ba tatsuniyar kowa ba, ni kuma ba na musa masa, don shari'ar tana nan tun kafin labarin ya shigo gidanmu. Ban ɗauki komai daga addininsu ba, sallata tana nan yadda uwata ta koya min. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce mutanen da ke bayan teku, abincinsu daban, bautarsu daban, sun daɗe haka suna zaune a kan maganar da ta hana mu barci, kuma 'ya'yansu mata har yau suna komawa suna tambayar wa ya yi shiru, me ya sa. Rukayya ta ce min ita ma ta fara rubuta nata, daga bakin uwar Sarki, ta tambaye ni me zan so matar ta ce. Na ce ai tana tsakar gidan, ta ji.

An haife ki da zafi ya fara shigowa, a ɗakina, a kan tabarmata. Na dafa ruwan wanka safe da yamma kamar yadda na ce. Ubanki ya zo ya yi miki huɗuba a kunne ya fita, bai gaya wa kowa sunan da ya raɗa ba, har Malam. Ranar suna ƙofar gidanmu ta cika fiye da ta sunan yayyenki. Wasu addu'a ta kawo su, wasu sun zo su ga ko za a yanka rago, kuma wane suna mutum zai sa wa 'yar da gari ke ƙirga wa watanni. Mu mata muna ciki mun kasa kunne. Aka yi fatiha, sai sanƙira ya ɗaga murya har ana ji a bayan gari.

"Sunan yarinya Habiba!"

Asabe ta rangaɗa guɗa har ta sarƙe. Uwarki ta juya fuska ga bango, kafaɗunta suna motsi, karo na farko ke nan da na ga ta yi kuka tun da ta dawo. A ƙasar nan namiji ba ya ɗora sunan uwarsa a kan 'yar da yake shakka, duk wanda ke ƙofar gidan ya san haka. Da yake kuma babu mai iya kiran sunana a gidan, tun daga ranar kika zama Ummi. Ni sau ɗaya na kira nasa. Shi kuwa ya ɗauki kunyar da na ajiye a tsakar gida ya ɗora wa kansa: ga shi da 'ya tana yawo a gabansa, har ƙarshen ransa ba zai kira sunanta ba.

Saboda haka in wata ta tare ki a bakin rijiya, kada ki yi faɗa da ita. Ki bar ta ta gama, ki taya ta ɗora tulunta, sannan ki gaya mata sunanki na yanka.